Kilo Talatin da Biyar

A ɗakin ajiyar jini na asibitin babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Sikeli suke ce masa, tun daga likitoci har masu shara, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. In aka aiko masa da takardar neman kirayo ba a rubuta nauyin majinyaci ba, zai mayar da ita ko wa ya sa mata hannu. Kirayo wani farin abu ne mai kauri da ake tacewa daga ruwan jinin da mutane suka bayar kyauta, a daskarar da shi a 'yan ƙananan ledoji. Idan jinin mutum ya tsinke yana zuba ya ƙi tsayawa, shi ake narkarwa a ɗaura masa. Ƙa'idar ɗakin ita ce leda ɗaya ga kowane kilo bakwai na jikin mutum. Babba mai kilo saba'in, leda goma ke nan. Wadda aka narkar kuwa ba ta komawa firiza, in ta wuce awa shida ba a ɗaura ta ba sai shara.

"Ba na narkar da jinin bayin Allah da ƙiyasi," haka yake cewa yana buga biro a kan tebur. "A ɗora mutum a sikeli a kawo mini lamba."

Wannan mutumin, mai tsantseni a kan jinin baƙi, shi ne ya ajiye yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya a ɗakin da ke bayan kicin ɗinsa shekara biyu cur.

Ɗakin da can na tarkace ne. Tagarsa ba ta fi faɗin faranti ba, ƙofarsa tana kallon igiyar shanya da tankin ruwa. An ce na ɗan lokaci ne, kafin a gyara ɗakin baƙi. Ɗakin baƙin an gyara shi, an sa masa labule, an jera masa kujeru, Yaya tana nan inda take.

Ciwon hanta ne da ita, irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Ranar da sakamakon gwaji ya fito, matarsa ta ɗauko jan farce ta ɗiga a gindin kofi ɗaya, da faranti ɗaya, da cokali ɗaya.

"Maman yara, me kike yi haka?"

"Na Yaya ne nake warewa. Ina da 'ya'ya, ba zan yi wasa da lafiyarsu ba."

Ya san abin da ya kamata ya faɗa. Kullum a wurin aiki wannan ƙwayar yake gwadawa a jinin mutane. Ya san ba a ɗaukarta ta kofi, ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko gaisawa, kuma shi da hannunsa ya kai yaran aka yi musu rigakafi. Sau nawa ya tsaya gaban masu ba da jini yana yi musu wannan bayani. Amma ya dawo a gajiye, shayinsa yana hucewa, matar kuma ta riga ta ɗaure fuska.

"To, a yi yadda za a zauna lafiya," ya ce.

Daga kofi aka koma tabarma. Daga tabarma aka ce kada yara su riƙa shiga wurin Gwaggo. Yaya ta bi duk abin da aka ce. Sai ta ɗauki wankin gidan ta ɗora wa kanta, ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya hana ta. Tun safe za ka ji ƙarar bokiti a bayan gida. Mutumin da ya ga ana ƙyamarsa yakan nemi abin da zai biya kuɗin inuwar da yake sha, ko da da ƙashin bayansa ne.

Sai maganar abinci. Wata ƙawar matar ta ce mai ciwon hanta ba ya cin nama. Wata ta ce ban da ƙwai. Ta uku ta ce mai da gishiri da madara guba ne a gare shi. Matar ta haɗa duka ta yi doka. Abin da ya rage a farantin mai jan ɗigo shi ne farar shinkafa, wani lokaci da ɗan ganye da aka tafasa a ruwa. Da ta ga Yaya ta lashi gishiri a tafin hannu wata rana, sai ta sayo kwaɗo ta sa wa kicin.

"Don amfaninta nake yi," ta gaya wa mijin. "In ta ci abin da zai kashe ta, ni dangi za su zaga."

Nan ma ya sani. Ya san mai irin wannan ciwo ci yake buƙata, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da abin gina jiki, in ba haka ba naman jikinsa zai zagwanye. Ya buɗe baki, ya tuna rigimar da za ta biyo baya, ya mayar ya rufe. Ya gaya wa zuciyarsa cewa harkar kicin ta mata ce.

Wata ranar hutu yana wanke mota a ƙofar gida, maƙwabciyarsu mai ɗinki ta tsaya suka gaisa.

"Kai, kun yi dace da mai aiki," ta ce. "Tsohuwar nan taku ba ta zama. Ta kan katanga nake ganinta, kullum tana kan wanki. A ina kuka samo ta?"

Soso yana hannunsa, kumfa tana ɗiga a kan takalminsa. Kalma biyu kawai ake nema a bakinsa. Ya dubi rigarsa mai guga, ya tuno zanin Yaya da ya koɗe har ba a gane launinsa.

"Allah dai ya haɗa mu," ya ce, ya ci gaba da goge gilashi.

A shekara ta biyu jikin ya fara magana da kansa. Ya ga jini a inda take wanke baki. Ya ga tabo shuɗi-shuɗi a damtsenta, inda hannun bokiti kawai ya taɓa. Idonta ya yi rawaya, cikinta ya ɗan taso, wuyanta ya zama kamar na kwalba. Duk waɗannan alamu ya san su kamar yadda ya san hanyar gidansa. Da a takarda aka rubuto masa su, da kafin a gama karantawa ya faɗi abin da ke faruwa.

"Yaya, sai mun je an duba ki."

"To Auta. Duk ranar da ka samu sarari."

Auta take ce masa har yanzu, da furfurarsa da komai. Ita ta goya shi.

Sararin bai samu ba. Wannan makon masu bincike za su zo duba ɗakin jini. Mako na gaba Dogo, abokin aikinsa, yana hutu. Wanda ya biyo baya mota ta lalace. A ƙasan duk waɗannan akwai dalili guda da bai taɓa furtawa ba ko a ransa: in ya kai ta, asibitinsu zai kai ta, kuma nas-nas ɗin da yake yi wa tsawa a kan takarda za su ga yadda yayar Mai Sikeli ta koma. Kowane wata da ya wuce sai ta ƙara lalacewa, kowace lalacewa kuma sai ta ƙara masa nauyin kai ta. Haka kunya take, in ba ka kashe ta tana ƙarama ba ita za ta riƙa ba ka umarni.

Ran da abin ya faru, da safe ne, yana ɗaura agogo a bakin ƙofa. Ta fito tana dafa bango.

"Auta, ɗazu na yi amai. Baƙi ne, kamar garin gawayi a ruwa."

Ya san jini ne da ya kwana a ciki. Ya dubi agogon. Bakwai da rabi ta gota, shi ne kuma mai riƙe da makullin firiza.

"Ki kwanta, kada ki taɓa wankin nan. Da na tashi aiki zan zo in ɗauke ki."

"Allah ya yi maka albarka. Ka yi tuƙi a hankali."

Matarsa ta fito bayansa da jakarta, za ta shagonta. Ta danna kwaɗon kicin, ta ajiye farantin mai jan ɗigo a kan taga, ta rufe shi da wani farantin.

A wurin aiki ya sa wayarsa a loka kamar kullum, don dokarsa ce ba a shiga ɗakin jini da waya. Aiki ya ɗauke shi. Wajen sha ɗaya da kwata masinjan ɗakin gaggawa ya turo takarda ta taga, an buga mata jan hatimi. Ya ɗauka ya karanta. Mace. Suna, ba a sani ba. Shekaru, kimanin sittin da biyar. Aman jini, jinin ba ya daskarewa. Ana neman kirayo yanzu-yanzu. Nauyi, kilo talatin da biyar.

Ya yi tsaki mai ƙarfi.

"Dogo, zo ka ga aikin 'yan gaggawa. Tsohuwa 'yar sittin da biyar, kilo talatin da biyar. Wannan ai nauyin ɗan firamare ne."

Dogo ya leƙo ta kafaɗarsa yana tauna biro. "Ƙila sun juya lambar ne, hamsin da uku suke nufi. Ka narkar da takwas kawai, Oga, mu huta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima."

"Ledoji goma sha huɗu suka rage mana a rukunin jininta. In narkar da takwas a zubar da uku? In kuma narkar da biyar ya zama bai ishe ta ba?" Ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar, ya rubuta da manyan baƙaƙe a sake aunawa, ya miƙa wa masinjan. "Ka ce musu nan ba kasuwa ba ce."

Minti ashirin da biyar suka wuce. Sai ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta bugi bango. Babbar nas ta ɗakin gaggawa ce da kanta, mace mai jiki, wadda ta girme shi a aiki da shekara goma. Gaban rigarta duk jini.

"Kai ne ka mayar mini da takarda?"

"Sista, lambar ba ta yi kama da..."

"Rufe mini baki. Ba ta iya tsayuwa. Mai turin gado ne ya ɗauke ta a hannu kamar jaririya ya hau sikeli, muka cire nauyinsa. Sau biyu muka yi saboda kai. Taso ka gani da idonka, tunda mu makafi ne."

Ta kama hannun rigarsa, ta ja shi a gaban kowa. Yana tafe yana shirya abin da zai faɗa. A bakin ɗakin gaggawa ya ga wata mata zaune a benci, zaninta ya ɓaci, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta. Maƙwabciyarsu ce mai ɗinki. Ta miƙe zumbur.

"Alhamdu lillahi, ga maigidan nata! Na yi ta kiran wayarka, na kira wayar madam, ba a ɗauka ba. Ta kan katanga na hango ta kwance wurin shanya, sai da muka ɓalle ƙofa. Sun tambaye ni sunanta na ce wallahi ban sani ba, mai aikin maƙwabtanmu ce."

Sista ta yaye labule.

Bai gane fuskar da farko ba, don an sa mata robar shaƙar iska. Ƙafafun ya gane. Dugadugan da suka tsage, da ɗan yatsan hagu da ya karkace tun suna yara. An cire mata zanin da mayafin da take lulluɓa da su kullum, an sa mata rigar asibiti, sai ya ga abin da shekara biyu bai yarda ya gani ba. Gwiwoyinta sun fi cinyoyinta kauri. Ƙasusuwan ƙirjinta ana ƙirga su daga bakin ƙofa. Sittin da biyar suka rubuta. Shekararta hamsin da biyu.

"To Mai Sikeli," in ji Sista. "Mun yi ƙarya?"

 Ya juya ya fita da gudu, abin da ba a taɓa gani ya yi ba a asibitin nan. Ya buɗe firiza, ya zaro leda biyar, ya duba rukunin, ya sake dubawa, ya jera su a tukunyar ruwan ɗumi. Narkewar kirayo ba a gaggauta ta. Ka ƙara wuta ka kashe abin da ke ciki. Dole ya tsaya ya jira, yana kallon farin ƙanƙarar tana sakin jiki a hankali, agogon bango yana tafiya. Ya lissafa. Da ya narkar tun zuwan takardar, da yanzu leda ta uku ake ɗaurawa.

Biyar. Rabin abin da yake ba babban mutum. A kan kowace leda akwai lambar wanda ya bayar, mutum biyar da ba su san ta ba, suka baro sana'arsu suka zo suka miƙa hannu aka soka musu allura. Shi da suka sha nono ɗaya, ƙwai ɗaya bai iya cewa a ba ta ba.

"Oga, lafiya?" in ji Dogo. "Ka san matar ne?"

"Miƙo mini tire."

Da kansa ya kai. Ya tsaya a gefe ana karanta lambobi ana ɗaurawa, ga jini ja a ɗaya hannun yana shiga. Wajen ƙarfe biyu aman ya tsaya. Likitar, wata yarinyar mace siririya da ba ta daɗe da zuwa asibitin ba, ta cire safar hannu ta jefa a kwando, ta fito bakin labule. Nas-nas uku suna wurin, da mai turin gado, da mai ɗinki.

"Ina mutanen da matar nan take yi wa aiki?" ta ce. "Ina so in gan su. Ciwon hanta na gani, na san shi. Amma wannan ramar ba ta ciwo kaɗai ba ce. Yunwa ce. An daɗe ana barinta da yunwa. Ko akuya aka ba mutum kiwo ba zai yi mata haka ba."

Mai ɗinki ta dube shi, ta sunkuyar da kai don ta rufa masa asiri. Sista ma ta dube shi. Hanyar fita a buɗe take: ya ce mai aiki ce, ba ta daɗe da zuwa ba, da ciwonta ta zo. Ya ji maganar ta haɗu a bakinsa tsaf, har ta hau harshe. Ya tsorata da saurin da ta haɗu.

"Ba mai aiki ba ce," ya ce.  "Yayata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya. A gidana take."

 Mai ɗinki ta dafe baki. Mai turin gado ya kama gadonsa ya tura shi gaba ba tare da an aike shi ba. Likitar ta daɗe tana kallon katin da ke maƙale a ƙirjinsa.

"Kai ne na ɗakin jini?"

"Ni ne."

"Kai ne ka mayar da takardar?"

"Ni ne."

Ta ɗauki fayil ɗin ta miƙa masa da biro. "Rubuta mana sunanta. Tun safe muke ce mata baiwar Allah."

Da la'asar matarsa ta iso, ta same shi a baranda. Tun kafin ta zauna ta fara.

"Ni fa abin da aka ce mini na bi. Kowa ya ce kada a ba ta nama. Kai ne ma'aikacin asibiti, ka taɓa ce mini ba haka ba ne?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani. Kuma ita ma Yaya da zurfin ciki. Mutum yana jin yunwa ba zai yi magana ba? Wankin nan ni na sa ta? Kullum sai na ce ta bari."

"Sau nawa kika karɓe bokitin?"

"Kai sau nawa ka shiga ɗakinta?"

Ya yi ƙoƙarin tunawa. Ya san launin ƙofar. Bai san ko akwai fitila mai aiki a ciki ba. Suka zauna a benci ɗaya kowa yana kallon gabansa, kamar ɓarayi biyu da aka kama da akuya ɗaya, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya riƙe igiya.

Bayan kwana uku Yaya ta farfaɗo sosai. Likitar ta zo zagaye, shi yana tsaye a gindin gado. Ta tambaye ta me take ci a gida.

"Komai ana ba ni, 'yata," in ji Yaya. "Nama, ƙwai, har tura mini suke yi. Ni ce ba na iya ci. Ƙanena bai rage ni da komai ba. Kin san shi ai, babba ne a nan."

"Yaya, ki daina," ya ce. "Ba haka ba ne. Likita ta riga ta sani."

Ta juyo da idanunta masu rawaya, ta harare shi irin hararar da take yi masa yana yaro in ya yi rashin kunya gaban baƙi.

"Yi mini shiru, Auta. Ana magana da manya."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fita ya shiga banɗakin ma'aikata ya kulle, ya daɗe bai fito ba.

Asibiti kuwa ba ya riƙe sirri. Babu wanda ya ce masa komai, wannan ne ma ya fi ciwo. Masu shara suka rage gaishe shi da fara'a. Takardun neman kirayo suka riƙa zuwa da nauyi a rubuce da manyan lambobi, wani lokaci har an ja layi biyu a ƙasa. Dogo ya daina yi masa wasa. Wata rana ya ji muryar Sista ta bayan taga tana ce wa wata, "Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha."

Ya yi abin da masu laifi suke yi in asiri ya tonu. Ya cire kwaɗon kicin. Ya sa aka kwashe kujerun ɗakin baƙi, aka sa gado da katifa sabuwa. Kullum da rana yana kawo mata ƙwai da madara da naman kaza, ya zauna yana ba ta a baki, tana cin loma uku ta ce ta ƙoshi. Likitar ta gaya masa gaskiya a ofis: hantar ta riga ta ƙone da yawa, abin da ya rage sai lallaɓawa. Da an kawo ta bara, da maganar ta bambanta.

Bayan kwana goma sha shida aka ce za a sallame ta. Ya zo da wuri da sabon zani da takalmi a leda, ya ajiye mota kusa da ƙofa don kada ta yi tafiya mai nisa. Labulen gadonta a ja yake, likitar tana ciki. Ya ɗaga hannu zai yaye, sai ya ji muryar Yaya ƙasa-ƙasa, irin ta mai roƙon abin da ya san bai kamata ba.

"'Yata, ba za a iya ƙara mini ko kwana biyu ba?"

"Mama, akwai inda ke miki ciwo ne?"

"Babu. Jikin da sauƙi."

"To me ya sa? Gado muke nema, kin ga mutane har a baranda. Kuma ƙanenki ya ce ya gyara miki ɗaki."



"Na sani. Yaron kirki ne, kada ki ga laifinsa. Kawai dai nan, da safe wannan ta zo ta ce Mama ya kika kwana. Ta gefena mu yi hira. Jiya har wata ta zauna a bakin gadona ta sha ruwa a kofina." Ta ɗan yi dariya. "Ko a ƙasa ne sai in kwanta, ba sai an ba ni gado ba. Amma kada ki gaya masa, zai ji babu daɗi."

Hannunsa yana nan a sama, bai taɓa labulen ba. Ledar zanin ta zame ta faɗi, bai sunkuya ya ɗauka ba. Ɗakin da ake kwana ana nishi, ake fitar da gawa a wuce ta gabanka, inda warin magani ba ya barin mutum ya ci abinci, shi yayarsa take roƙo a bar ta a ciki, a kan ta koma gidansa.

Ba a ƙara mata kwanan ba, don akwai mai jiran gadon. Ya tura ta a keken marasa lafiya har bakin mota, ya ɗauke ta ya sa a kujerar gaba. Ba ta fi ƙunshin wanki nauyi ba. Duk hanya tana sa masa albarka, tana cewa ya wahala da ita, shi kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu bai iya cewa amin ba.

Wata huɗu ta yi a ɗakin baƙi. Ta ci a faranti ɗaya da yaran, ta ji ana tambayarta kwana. Wata huɗu, bayan shekara biyu. Ranar da ta rasu mutane suka cika gidan suna yaba masa, suna cewa ya riƙe zumunci, ya yi jinya har ƙarshe, Allah ya ba kowa ƙane irinsa. Ya zauna a tsakiyarsu yana karɓar gaisuwa. Mai ɗinki ce kaɗai ta shigo, ta yi addu'a, ta fita ba ta dube shi ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai mugu ne. Bai taɓa dukanta ba, bai taɓa zaginta ba, bai kore ta ba. Da za a tambayi unguwa da an ba shi shaidar mutumin kirki, kuma irinsa sun fi mugaye yawa. Suna nan a ofisoshi da makarantu da asibitoci, masu gaskiya a kan takarda, masu tsawa in baƙo ya kauce wa ƙa'ida, alhali a bayan kicin ɗinsu akwai wata gwaggo, ko wani kawu, ko uwar da ta haife su, tana ƙarewa a hankali don kada a ɓata zaman lafiyar gida. Ba wuƙa suke kisa da ita ba, da "gobe" suke yi, da "harkar mata ce", da "ai bai yi magana ba". Wanda kake ciyarwa ba zai yi maka magana ba. Zai ce ya ƙoshi, zai sa maka albarka, zai kare ka gaban likita. In kana da irin wannan ɗakin a gidanka, ajiye takardar nan ka tashi ka je ka buɗe ƙofar, ka zauna a ciki har ka ji abin da ake ji.